Ruwanda da Tabon 1994: Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Tsohon Miki ke Juya Siyasar Ƙasa da Zamanta da Maƙwabta

Duk mai sauraron labaran duniya a rediyo ya saba da sunayen nan: Goma, Bukavu, M23, Kagame, Tshisekedi. Yau a ce an sa hannu kan yarjejeniya, bayan wata biyu a ce an koma fagen daga. Labarin minti uku ba ya iya ɗaukar tushen maganar, shi ya sa mutane da yawa ke ganin rikicin gabashin Kwango kamar hauka ne kawai. Alhali ruwa ba ya tsami banza.

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wannan halin mutum ɗaya ke nan. Idan ƙasa ce guda macijin ya sara, kuma tana da sojoji, ba lallai ta gudu ba. Tana iya ɗaukar sanda ta bi tsumman har cikin gidan maƙwabci. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi idan maganar Ruwanda ta taso.

Me ya faru a 1994?

A daren 6 ga Afrilun 1994 aka harbo jirgin da ke ɗauke da shugaban Ruwanda Juvénal Habyarimana da takwaransa na Burundi Cyprien Ntaryamira, yana shirin sauka a Kigali. Kafin gari ya waye an kafa shingaye a tituna. Sojojin gwamnati da 'yan daban Hutu da ake kira Interahamwe suka shiga bin gida-gida da jerin sunaye a hannu. A ranar 7 ga wata aka kashe firaminista Agathe Uwilingiyimana, wadda ita kanta Hutu ce mai sassaucin ra'ayi, tare da sojojin Beljiyam 10 da aka tura su tsare ta.

Cikin kwana kusan 100 aka hallaka Tutsi da kuma Hutun da suka ƙi ba da haɗin kai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta saba ambaton mutum 800,000, gwamnatin Ruwanda kuma tana cewa sun haura miliyan ɗaya, a ƙasar da mutanenta a lokacin ba su fi miliyan 7 da ɗoriya ba. Yawancin kisan da adda da kulki aka yi shi, kuma sau da yawa wanda ya yi kisan ya san sunan wanda ya kashe, ya san 'ya'yansa, wataƙila ma cocinsu ɗaya. Gidan rediyon RTLM yana kiran Tutsi inyenzi, wato kyankyasai, yana faɗin inda mutane suka ɓuya. Abin ya tsaya ne bayan da 'yan tawayen RPF, waɗanda yawancinsu Tutsi ne, ƙarƙashin Paul Kagame suka kama Kigali a ranar 4 ga Yuli.

A garin Nyamata, kudu da Kigali, akwai wani coci da dubban mutane suka fake a ciki suna zaton ba za a keta alfarmar ɗakin ibada ba. Har yau tufafin da suka mutu da su suna jibge a kan bencinan cocin, sun yi launin ƙasa, rufin kwano kuma duk huda-huda ne, rana na ratsowa ta cikinsu. Da gangan aka bar shi haka.

Hutu da Tutsi ƙabilu biyu ne masu harshe daban-daban?

A'a, kuma nan ne abin ke ɗaure wa baƙo kai. Harshensu ɗaya, Kinyarwanda. Tuddansu ɗaya, addininsu ɗaya, suna auratayya. A zamanin sarakuna, sarauta da shanu sun fi yawa a hannun Tutsi, noma a hannun Hutu, amma iyakar ba ta kafe ba. Jamusawa suka fara mulkin ƙasar, Beljiyam ta gaje su bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A shekarun 1930 Turawan Beljiyam suka ba kowa katin shaida da aka rubuta Hutu ko Tutsi ko Twa a jiki, suka fifita Tutsi a makaranta da aikin gwamnati, talakawa Hutu kuma suka sha aikin tilas. Wannan katin ne, shekara sittin bayan haka, ake dubawa a bakin shinge kafin a ɗaga adda.

A 1959 tulu ya fashe. Hutu suka yi bore, aka ƙona gidajen Tutsi, sarauta ta rushe, dubban ɗaruruwa suka tsere zuwa Yuganda, Burundi, Kwango da Tanzaniya. Ƙasar ta sami 'yanci a 1962 a hannun Hutu. Cikin waɗanda aka gudu da su akwai wani yaro da aka haifa a 1957, Paul Kagame, wanda ya tashi a sansanin 'yan gudun hijira a Yuganda. Shekara talatin suna neman komawa gida, gwamnatin Kigali tana cewa ƙasar ta cika, babu wuri. A ranar 1 ga Oktoban 1990 suka dawo da bindiga.

Abin lura a nan shi ne kowane ɓangare daga ranar da aka cuce shi yake fara ƙirga tarihi. Tutsi ya fara daga 1959. Hutu ya fara daga bulalar hakimai da aikin tilas. Masu shirya kisan 1994 da wannan tsohon tsoron suka yi amfani: suka ce wa manomi, in ba ka riga su ba, za su dawo su mai da kai bawa.

Ai mutum ne ke jin ciwo. Yaya za a ce ƙasa tana da tabo?

Gaskiya ne ƙasa ba ta mafarkin tsoro da dare. Amma waɗanda ke riƙe da ita suna yi, kuma abin da suka koya a ranar bala'i shi suke zubawa cikin tsarin mulki, da manhajar makaranta, da kasafin kuɗin soja. Daga nan ciwon ya daina zama na mutum ɗaya, ya zama doka, ya zama abin da yaron da ba a haifa ba a lokacin zai haddace.

Babban abin da shugabannin Ruwanda suka fito da shi daga 1994 shi ne: ranar da wuƙa ta zo wuyanka, babu mai zuwa. Sun kuma ga da idonsu cewa kalma tana kisa, domin jarida da rediyo ne suka share wa adda hanya, kuma an yi hakan ne a daidai lokacin da aka buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. Wanda ya ga haka, in ka zo masa da wa'azin 'yancin faɗin albarkacin baki, da wani kunne daban yake saurarenka. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, in ba ka gane wannan ba, ba za ka gane komai a siyasar Kigali ba.

Duniya tana ina ake wannan aika-aika?

Tana nan, tana kallo. Akwai rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kusan mutum 2,500 a ƙasar ƙarƙashin Janar Roméo Dallaire ɗan Kanada. Tun 11 ga Janairu ya aika saƙo hedikwata cewa ana tara makamai ana shirin kisa, aka hana shi kai samame. Da kisan ya fara, Beljiyam ta janye sojojinta. A wata makarantar koyon sana'a da ke Kicukiro, mutane kusan 2,000 sun fake a bayan sojojin Beljiyam. Ranar 11 ga Afrilu sojojin suka hau motocinsu suka tafi, kafin dare aka kashe yawancin waɗanda aka bari. Ranar 21 ga Afrilu Kwamitin Sulhu ya rage rundunar zuwa 270. Amurka kuwa ta yi ta kauce wa furta kalmar kisan ƙare-dangi, don kada furtawar ta ɗora mata nauyi.

Akwai waɗanda suka fita kunya, kuma ya kamata mu san su. Najeriya tana cikin Kwamitin Sulhu a lokacin, jakadanta Farfesa Ibrahim Gambari yana cikin 'yan ƙalilan da suka nemi a ƙara sojoji maimakon a rage. Sojojin Ghana ƙarƙashin Janar Henry Anyidoho sun ƙi tafiya, suka zauna har ƙarshe. Kyaftin Mbaye Diagne ɗan Senegal ya yi ta kwasar mutane a motarsa, ba makami, yana ratsa shingaye da magana mai daɗi, har ɓaraguzan harsashin igwa suka kashe shi a ranar 31 ga Mayu. Duk lokacin da na tuna wannan bawan Allah, nakan ji cewa uzurin manyan ƙasashe na cewa ba yadda za a yi bai da ƙafar tsayawa.

A ina ake ganin tabon a siyasar cikin gida?

Ko'ina. An cire Hutu da Tutsi daga katin shaida. A hukumance kowa Banyarwanda ne, kuma tun 2013 akwai shirin gwamnati mai suna Ndi Umunyarwanda, ma'ana ni ɗan Ruwanda ne. Tsarin mulkin 2003 ya hana kafa jam'iyya a kan ƙabila, ya kuma hana jam'iyyar da ta ci zaɓe riƙe fiye da rabin kujerun ministoci. A 2008 aka kafa dokar hukunta aƙidar kisan ƙare-dangi, wadda aka yi wa gyara daga baya saboda ƙorafin cewa ta yi faɗi da yawa. Kowace 7 ga Afrilu ake shiga makokin Kwibuka: a sassauto da tuta, a rufe wuraren shaƙatawa, a taru a makabartar Gisozi inda aka binne fiye da mutum 250,000.

Akwai labarin da ake koya wa kowane ɗalibi. A watan Maris na 1997, 'yan bindiga suka shiga wata makarantar sakandare a Nyange da dare, suka ce wa ɗalibai Hutu su ware gefe, Tutsi gefe. Yaran suka ƙi, suka ce mu duka 'yan Ruwanda ne. Aka buɗe musu wuta, wasu suka mutu. Yau suna cikin jaruman ƙasa. Wannan ita ce Ruwandar da gwamnati ke son ginawa, kuma ni ban ga mai zuciyar da zai raina wannan buri ba.

Amma ɗaya fuskar ma gaskiya ce. Kagame yana kan mulki tun 2000. An gyara tsarin mulki a 2015 don ya ci gaba, a zaɓen 2017 aka ba shi kusan kashi 99 cikin 100, a na 2024 ya haura kashi 99. Victoire Ingabire ta dawo daga Holan a Janairun 2010 da niyyar tsayawa takara, ta je Gisozi ta tambaya yaushe za a tuna da Hutun da su ma aka kashe. Ta ƙare a kurkuku da hukuncin shekara 15, sai 2018 aka yi mata afuwa. Patrick Karegeya, tsohon shugaban leƙen asiri da ya ɓata da gwamnati, an tsinci gawarsa a wani otal a Johannesburg a farkon 2014. Kigali ta musanta hannu a ciki. 'Yan jarida da yawa sun bar ƙasar.

To tsoron na gaske ne, ko dai fakewa ake da guzuma a harbi karsana?

Duka biyun, kuma a wuri ɗaya. Wannan ce amsar da ba kowa ke son ji ba. Masu musun kisan ƙare-dangi suna nan da ransu, a Turai da intanet, suna cewa yaƙi ne kawai aka yi, kowa ya kashe kowa. Ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai haɗari. Abin da aka yi wa Tutsi shiri ne na shafe su daga doron ƙasa, kotun duniya ta tabbatar da shi, firaministan gwamnatin da ta yi shi, Jean Kambanda, ya amsa laifinsa da bakinsa.

Sai dai dokar da aka yi don toshe bakin mai musu ita ce kuma ke toshe bakin matar da sojan RPF ya kashe mata miji. A Kibeho, a Afrilun 1995, sojojin sabuwar gwamnati sun buɗe wuta a sansanin 'yan gudun hijira; gwamnati ta ce mutum 338 suka mutu, sojojin Ostireliya da ke wurin suka ƙiyasta dubbai. Kotun duniya da aka kafa a Arusha ta Tanzaniya ba ta gurfanar da ko mutum ɗaya na RPF ba. Waɗannan mamatan ba a kwatanta su da kisan ƙare-dangi, nauyinsu daban, manufarsu daban. Amma suna da 'ya'ya, kuma 'ya'yan sun san ba a yarda su yi kuka a fili ba. Abin da ke damuna ke nan: gyambon da aka rufe bai warke ba, ba a san abin da yake yi a ƙarƙashin tsumma ba.

Yaya aka yi shari'ar mutanen da ba su ƙirguwa?

Kotun duniya da aka kafa a Arusha ta tuhumi mutum 93 kacal, manyan masu laifi, kafin ta rufe a 2015. A gida kuwa gidajen yari sun cika da mutum kusan 120,000, alƙalai da lauyoyi kuma an kashe su ko sun gudu. Da kotun da aka saba za a bi, da sai an shekara fiye da ɗari.

Sai aka farfaɗo da gacaca, tsohon zaman sulhun ƙauye da ake yi a kan ciyawa. Daga 2002 zuwa 2012 kotuna sama da 12,000 suka saurari ƙararraki kusan miliyan 1.9. A ranar zama, shaguna na rufe, mutanen tudu su zauna a ƙasa, alƙalan da jama'a suka zaɓa su zauna a benci, a kawo fursuna cikin kayan sarƙa masu launin ruwan hoda. Mace ta miƙe ta nuna shi ta ce kai ne ka zo gidanmu. Wanda ya amsa laifi, ya nuna inda aka jefa gawa, ya nemi gafara, a rage masa hukunci. Iyalai da yawa ta haka suka samu ƙasusuwan 'yan'uwansu suka binne. An samu shaidar zur, an tsoratar da shaidu, har an kashe wasu, babu lauya mai kare wanda ake tuhuma, kuma laifukan RPF ba sa cikin hurumin kotun. Duk da haka, yau wanda ya yi kisa da wanda aka kashe wa suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya. Ko gafara ce, ko haƙurin dole ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Me ya kai Ruwanda cikin Kwango?

A Yulin 1994, da gwamnatin kisan ta faɗi, fiye da mutum miliyan ɗaya suka kwarara zuwa Zayar, wato Kwango ta yau. Cikinsu akwai talakawan da tsoro ya kora, akwai kuma sojoji da Interahamwe da makamansu da kuɗin baitulmali. Kwalara ta kashe dubun-dubata a Goma. Sansanonin suna jifa kaɗan daga iyaka, masu kisan ne ke iko da su, abincin agaji ta hannunsu yake bi, daga nan kuma suke kai hari cikin Ruwanda. Kigali ta yi ta kira a raba su da makamai. Ba wanda ya motsa. Ga gwamnatin da ta riga ta yanke cewa babu mai zuwa, wannan ƙarin hujja ce.

A 1996 Ruwanda ta tsallaka, tare da Yuganda, ta rusa sansanonin, ta ɗora Laurent-Désiré Kabila a gaba, har shugaban Zayar Mobutu ya faɗi a Mayun 1997. Dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira suka koma gida. Waɗanda suka nausa daji kuwa aka bi su, aka kashe da yawa a wurare irin su Tingi-Tingi da Mbandaka, har da mata da yara. A 1998 Kabila ya sallami Ruwandawa, sabon yaƙi ya ɓarke wanda ya jawo ƙasashe kusan tara, Angola da Zimbabuwe da Namibiya har da Cadi. Ragowar masu kisan suka haɗu a 2000 suka zama ƙungiyar mayaƙa ta FDLR, sunan da Kigali ke ambata har gobe duk lokacin da aka tambaye ta me take yi a yankin Kivu na gabashin Kwango.

Akwai kuma Tutsin da 'yan Kwango ne haihuwa da kaka, kamar Banyamulenge na Kivu ta Kudu, waɗanda aka daɗe ana yi wa kallon baƙi. Ƙungiyar 'yan tawayen M23 ta samo sunanta daga yarjejeniyar 23 ga Maris 2009 da ta ce ba a cika mata ba. Ta kama Goma a 2012, aka fatattake ta a 2013, ta dawo a ƙarshen 2021, ta sake kama Goma a Janairun 2025, Bukavu kuma a Fabrairu. Masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce akwai sojojin Ruwanda 3,000 zuwa 4,000 tare da ita a 2024. Su dai masanan sun kuma tabbatar da cewa sojojin Kwango suna haɗa kai da FDLR.

Su kuma 'yan Kwango me suke cewa?

Suna cewa: mu ba mu kashe kowa a 1994 ba, don me za mu shekara talatin muna biyan bashin da ba mu ci ba? Kuma tambayar tana da nauyi. Miliyoyi sun mutu a gabashin Kwango, yawanci da yunwa da cuta da gudun hijira da yaƙin ya haifar. A Yunin 2000 sojojin Ruwanda da na Yuganda suka gwabza da juna kwana shida a tsakiyar Kisangani, birnin da ke nesa ƙwarai da iyakar kowannensu, ɗaruruwan fararen hula suka mutu. Babu wanda zai ce FDLR aka je nema a can. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya lissafa munanan ta'asa 617 tsakanin 1993 da 2003. Ruwanda ta yi barazanar janye sojojinta daga Sudan saboda shi, kuma har yau ba a kafa kotun da rahoton ya nema ba. Dakta Denis Mukwege na Bukavu, wanda ya yi wa dubban matan da aka yi wa fyaɗe aiki, ya kuma samu kyautar Nobel a 2018, bai daina kiran a kafa ta ba.

Yanzu Kwango ma ta samu nata tabon, kuma 'yan siyasar Kinshasa sun iya sosa shi. A yaƙin neman zaɓen 2023 shugaban Kwango Tshisekedi ya kwatanta Kagame da Hitler. Duk lokacin da M23 ta matso, Tutsin Kwango da ba ruwansa sai ya shiga ɓuya, ana cewa a duba masu dogon hanci. Kigali ta ji haka ta ce, kun gani, abin da muke faɗa ke nan. Tsoron wannan yana ciyar da tsoron wancan. Ni dai a ganina, abin da aka yi wa Tutsi a 1994 ba ya wanke jinin da aka zubar a Kivu, kamar yadda jinin Kivu ba ya rage komai daga 1994.

Ba ma'adinai ne kawai ake wa faɗa ba?

Suna ciki. Gabashin Kwango na da zinariya da kuza da koltan da ake sa wa a wayoyin hannu, kuma tun 2001 rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya ke nuna yadda suke bi ta Kigali da Kampala. A 2024 M23 ta kama Rubaya, ɗaya daga cikin manyan mahaƙan koltan a duniya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma tsoro ne ya buɗe ƙofar a 1996, riba ta shigo daga baya ta samu wurin zama.

Ina labarin Burundi da Yuganda?

Burundi madubin Ruwanda ce, amma a juye. Can sojojin Tutsi ne suka daɗe da mulki, a 1972 suka kashe Hutu aƙalla 100,000, musamman masu ilimi. A Oktoban 1993 suka kashe Melchior Ndadaye, Hutu na farko da aka zaɓa shugaba, wata uku kacal da hawansa. Masu tsattsauran ra'ayi a Kigali suka nuna wa jama'a wannan suka ce, ga abin da sulhu da Tutsi ke haifarwa. Wata shida bayan haka aka fara kisa. Abin mamaki, Burundi ta ɗauki maganin da ya saɓa wa na Ruwanda: maimakon hana ambaton ƙabila, yarjejeniyar Arusha ta 2000 ta kai ga raba muƙamai a fili, kashi 60 na Hutu, 40 na Tutsi, soja kuma rabi da rabi. Zaman ƙasashen biyu na doya da manja ne. A Janairun 2024 Burundi ta rufe iyaka tana zargin Kigali da goyon bayan 'yan tawayen RED-Tabara, sojojinta kuma a lokacin suna Kwango suna yaƙar M23.

Da Yuganda kuwa faɗan 'yan gida ɗaya ne. Kagame ya yi yaƙin daji tare da shugaban Yuganda Museveni kafin 1986. Duk da haka an rufe iyakar Gatuna daga 2019 zuwa farkon 2022, kowa na zargin ɗan'uwansa da ɓoye masa maƙiya.

Me ya haɗa ta da Faransa da Beljiyam?

Faransa ce ta horar da sojojin Habyarimana ta ba su makamai. A Yunin 1994 ta kawo rundunar Turquoise, wadda ta ceci wasu rayuka, amma ta yankin da ta tsare ne manyan masu kisan da yawa suka sulale zuwa Zayar. A 2006 wani alƙalin Faransa ya ba da sammacin kama na kusa da Kagame kan harbo jirgin, Ruwanda ta yanke hulɗa. A 2008 ta mai da Ingilishi harshen koyarwa a maimakon Faransanci, a 2009 ta shiga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, alhali Ingila ba ta taɓa mulkinta ba. Ka duba yadda ɓacin rai ya canza harshen da yaro ke karatu da shi a aji. Sai a 2021 kwamitin masana tarihi ƙarƙashin Vincent Duclert ya ce Faransa na da alhaki mai nauyi, ko da yake bai ce ta haɗa baki ba, shugaban Faransa Macron kuma ya je Gisozi ya amsa hakan. Beljiyam ta nemi gafara tun 2000, amma a Maris na 2025 Kigali ta yanke hulɗa da ita saboda matsayinta kan Kwango.

Kunyar da Turawa ke ji ta daɗe tana yi wa Kigali garkuwa: wanda ya gudu ya bar ka a hannun mahauta, da wane baki zai yi maka faɗa? Garkuwar ta fara tsagewa a 2012 da aka dakatar da tallafi saboda M23, a Fabrairun 2025 kuma Amurka ta sa wa Janar James Kabarebe na Ruwanda takunkumi.

Abin ya taɓa shafar yankinmu kai tsaye?

Ya taɓa. A 2004 sojojin Ruwanda da na Najeriya ne suka fara sauka a Darfur a ƙarƙashin Tarayyar Afirka, kuma Kigali ta faɗa a fili cewa ba za ta tsaya kallo ba kamar yadda aka yi mata. Ƙasar da ta ɗan fi jihar Kano faɗi yau tana cikin manyan masu ba Majalisar Ɗinkin Duniya sojoji, tana da dakaru a Afirka ta Tsakiya, da Mozambik tun 2021.

Sai kuma Nijar. A Disambar 2021 aka kai mutum takwas Yamai daga Arusha, wasu kotu ta wanke su, wasu sun gama zaman kaso, bisa yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya. Ruwanda ta nuna ɓacin ranta, kafin wata ya ƙare gwamnatin Nijar ta ba da umarnin korarsu. Babu ƙasar da ta karɓe su, su kuma suna tsoron komawa gida, suka zauna a tsare a cikin gida ɗaya shekara da shekaru, wasu a nan ajali ya same su.

Yarjejeniyoyin da ake ta sa wa hannu za su kawo ƙarshen abin?

A ranar 27 ga Yunin 2025 ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu suka sa hannu a Washington, Ƙatar kuma tana shiga tsakanin Kinshasa da M23 a Doha. Zuciyar yarjejeniyar abu biyu ne: Kwango ta murƙushe FDLR, Ruwanda ta janye abin da take kira matakan kariya. Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai fara. Kigali na cewa ba za ta sauke sanda ba alhali macijin na raye, ko da yake FDLR ta ragu ƙwarai, kuma yawancin mayaƙanta yanzu yara ne ko ba a haife su ba a 1994. Kinshasa na cewa ba za ta yaƙi kowa ba alhali baƙin soja na zaune a biranenta biyu.

Fiye da rabin 'yan Ruwanda na yau bayan kisan aka haife su, haka ma matasan Goma ba su san wata rayuwa ba sai ta yaƙi. Tsakanin Goma ta Kwango da Gisenyi ta Ruwanda kuwa gari ɗaya ne da shinge ya raba. Da sassafe mata ke jeruwa a ƙaramar mashigar da kwandunan tumatir da kabeji da ƙananan kifin tafkin Kivu a ka, su tsallaka su sayar, su dawo kafin a rufe. Ranar da aka ji harbi, a rage awannin buɗewa, kayan su ruɓe a hannunsu.